Goyon Ɗan Damina

Ku da aka sauke jiya-jiya daga akori-kura, da ƙullin kayanku a ka da kaushinku a ƙafa, na ji abin da kuke faɗa a bakin famfo. Wai raino ba aiki ba ne. Wai kun goyi ƙannenku a ƙauye tun ba ku yi famfara ba, to mene ne ɗan Hajiya ƙwaya ɗaya, ga fanka, ga firji, ga shinkafa da miya kullum kamar sallah. To ku matso ku ji daga bakin tsohuwar hannu. Shekarata sha bakwai, amma bayan nan nawa in aka kai shi asibiti aka duba, za a ce na 'yar saba'in ne. Na goyi wani ɗan darakta da in na sauke shi sai na riƙe bango, don kada iska ta tafi da ni.

Sunana Marka. Sunan yankana Hajara, amma ko wadda ta haife ni sai ta yi shiru ta yi tunani kafin ta tuno da shi. A tsakiyar damina aka haife ni, lokacin da ake kwana ana wuni ana ruwa, kuma a garinmu ba a wahalar neman laƙabi. Wadda ta zo cikin marka Marka ce, namiji kuwa Anaruwa.

Aikina na farko kabewa na goya. Wata tsohuwa ce a Giginyu, Iya Hanne, wadda ta yi wa Turawa raino a nan Nasarawa tun suna nan, ita ake kai wa 'yan mata su koya kafin a shigar da su gidajen manya. Ta ɗaura mini kabewa a baya da zane da majanyi, ta miƙo mini tsintsiya ta ce in share tsakar gida, in wanke kwanuka, in ɗebo ruwa. In kabewar ta zame, ranƙwashi. In na matse ta har bayanta ya yi shaida, ranƙwashi biyu.

"Wannan ɗan Sakatare ne," in ji ta. "Kin kashe shi sau uku tun safe."

A wurinta na koyi kayan aiki. Zanen goyo biyu, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Majanyi mai ƙwari, ba mai santsi ba. Bulumboti, wanda ake dafawa kamar nama kafin a zuba masa madara, a ɗiga madarar a bayan hannu a ji zafinta. Nafkin da fil ɗinsa, kuma yatsanki ne zai shiga tsakanin fil da cikin yaro, in za a soki wani ke za a soka. Sai keken tura jariri, wanda kowane gida ke da shi, ba kuma yaron da ke yarda ya zauna a ciki. Namu albasa kuku ke ajiyewa a cikinsa.

Lokacin kuɗi sun zubo wa ma'aikata kamar an ɓalle musu famfo. Ko'ina gini, ko'ina sabuwar mota da ledarta ba a cire ba. Matan gida suka fita aiki, wannan malamar makaranta, waccan tana ofis, sai raino ya yi tsada. Na ga Hajiyoyi iri-iri. Akwai mai duba miki farce kowace safiya kamar saje. Akwai wadda ta ce Turanci kawai za a riƙa yi wa ɗanta, ni kuwa Turancina kalma biyu ne, "sit down", wato zauna, har yaron ya tashi yana zaton sunansa Sidon. Akwai mai kyauta, ta dawo daga Makka ta ba ki gyale, gobe ta ce kin sace mata cokali.

Gidan da na fi daɗewa shi ne gidan su Abba. Uban babba ne a wata ma'aikata, ba a cika ganinsa ba sai ƙurar motarsa. Hajiya kuwa shugabar wata makarantar 'yan mata ce, mace mai sanyin magana, ita ta koya mini karatu a teburin kicin. An miƙo mini Abba yana jariri. Shi ma ɗan marka ne, ranar sunansa sai da aka kwashe tabarmi aka shige gareji. Bai yi wata nawa ba zazzaɓin sauro ya kama shi, mai zafi, har ya yi jijjiga aka kwantar da shi asibiti. Ya warke, ya yi ƙiba, ya zama sarkin ɓarna. Ya taɓa zuba wa kifayen Alhaji na cikin gilashi madara, wai ba su karya ba. Kowa ya manta da zancen zazzaɓi.

Ranar da abin ya fara, yana bayana. Ya wuce shekara biyu, ya isa a daina goya shi, amma ba ya barcin rana sai a goye. Ina shanya a bayan gida sai na ji ya sandare kamar an saka mini itace a zane, sannan ya shiga fizga, kansa yana dukan ƙeyata. Na ji wani abu mai ɗumi yana gangaro mini ta wuya. Malam Sale kuku ya leƙo ta tagar kicin, ya ce innalillahi, ya ja tagar ya rufe.

"Sauke shi ki gudu, Marka, farfaɗiya ce. Kada yawun ya taɓa ki."

Ina zan gudu, abin da ake gudu yana ɗaure a jikina da ƙulli irin na Iya Hanne? Kafin in kwance majanyin yawu ya jiƙe mini wuya da kafaɗa. Na kwantar da shi a kan ciyawa na tsuguna ina kallo, har ya lafa, ya yi fitsari, ya buɗe ido ya dube ni kamar bai san ni ba, ya yi barci.

Kun san abin da aka faɗa mana tun muna yara: wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma ya ɗauka. To sai na zauna jiran tawa. Na rabar da dukiyata, wato ɗankunne ɗaya da rabin kwalbar man shafawa. Na yafe wa duk wanda ya taɓa cuta ta, ban da Malam Sale. In zan wuce murhu sai in yi zagaye kamar mai kewaya kasuwa. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ko atishawa ban yi ba. Na koma na karɓo ɗankunnena.

Daga nan aikina ya canza. Wata nas a asibitin da ake kai shi ta nuna mini yadda ake yi, ni da Hajiya. A kwantar da shi ta gefe, a janye duk abin da zai buge shi, a sa zane a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. A jira. Jiran nan shi ne aikin. Hajiya ta iya duk wannan da ka, amma da rana tana makaranta, kuma ciwon bai san jiran a tashi ba. A gidan nan kaf, da kuku da direba da maigadi, ba mai matsowa in ya faɗi. Na koyi gane alamarsa. Yakan tsaya cak a tsakiyar wasa, ya kama lasar leɓe, ya ce, "Marka, wari." Da na ji haka sai in jefar da ko mene ne a hannuna. Na fasa farantan Hajiya da za su isa a buɗe kanti.

Ga ƙa'idojin da na kafa wa kaina. Ba ya shiga kicin. Ba ya hawa bene sai ina bayansa. Ba a barin ruwa a baho. A lambu akwai wani ɗan tanki na siminti da ake tara ruwan ban fulawa, don famfo yakan ɗauke. Gadinan gidan, wani dattijo mai suna Anaruwa, na dame shi da mita har ya samo fallen kwano da dutse yana rufewa duk in ya gama.

"Ke da wannan bakin naki," yakan ce, "mijinki zai riga ki tsufa."

"Baba, kai dai rufe. In ya tsufa na sake wani."

Shekarar da ta lalace mana ta faro ne daga tambaya ɗaya. An kawo sabon likita, saurayi, mai yawan tambaya. Ranar da muka kai Abba karɓar magani ya tambayi Hajiya a wane wata aka haife shi. Ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce yana ganin kamar yaran da ake kawo masa da wannan ciwo da dama 'yan damina ne, shi ya sa yake tambayar kowa. Iyakar abin da ya ce ke nan, ina tsaye da Abba a kafaɗa.

Da yamma Hajiya ta maimaita wa wata ƙawarta a falo, Malam Sale yana ajiye musu shayi. Shi kuwa Malam Sale in ya ji magana ba ya iya riƙe ta, kamar garwashi a tafin hannu. Kafin magariba direbobi sun ji a gindin darbejiya. Daga direbobi zuwa masu gadi, daga masu gadi zuwa masu wanki. Zancen ya fita daga gidanmu yana ɗan tsako, ya zagaya Nasarawa ya dawo yana da ƙaho. Wai likitoci sun gano duk wanda aka haifa da damina akwai farfaɗiya kwance a jikinsa, jira kawai take. Wai har Turai an tabbatar. Wai in ɗan damina ya goyi yaro, zufarsa ma ta isa.

Sai Hajiyoyi suka fara tambayar 'yan aiki lokacin haihuwarsu. Mu kuwa wa ya san wata? Abin da aka sani shi ne an haife ka ana shuka, ko ana yankan gero, ko ana tsananin zafi. Nan take duk 'yan rainon Nasarawa suka zama 'yan rani. Ka rantse a ƙauyukanmu mata ba sa haihuwa sai ƙasa ta bushe. Wata ƙawata da na san ranar sunanta sai da aka tsallaka da ragon a kafaɗa saboda kogi ya kawo, ta dafa ƙirji ta ce ita a kan masussuka aka haife ta. Waɗanda suka rasa mafita su ne irinmu, da sunanmu ya riga ya ba da shaida.

Lokacin Hajiya tana da ciki, kuma kowa ya iya lissafi, haihuwar cikin marka za ta faɗo. Ta rame, ta daina dariya, takan tsaya ta daɗe tana kallon Abba yana wasa. Ana haka mahaifiyar Alhaji, Hajiya Babba, ta zo daga garinsu za ta zauna har a haihu. Ba muguwa ba ce, takan ba ni goro ma, ko da yake ba na ci. Amma zancen ya riga ya tarye ta tun a mota, daga bakin direba.

Ta kira ni da hantsi, tana zaune a kan darduma, Hajiya tana gefe kanta a ƙasa.

"Ke 'yar nan, wa ya sa miki Marka?"

"Kakata, Hajiya."

"Allah ya jiƙanta, ba ta ɓoye komai ba. Ke kika goyi yaron nan tun yana tsumma?"

"Ni ce."

"Kuma an ce yawunsa ya sha zuba a jikinki."

"Ya isa a yi wanka da shi, Hajiya. Ga ni kuwa garau, ko ciwon kai ba na yi."

"Baki gare ki. To ba a haɗa damina biyu a zane ɗaya. Wa ya sani ko daga bayanki ya tsotsa? Ga wani yana tafe, ba zan zuba ido a miƙa miki shi ba."

Hajiya ta ɗago ta ce, "Hajiya, likitan fa ba haka ya ce ba. Kuma ita kaɗai ce ke iya..."

"Ni na haifi tara, na binne uku. Ki bar ni in tsare wanda ke cikinki."

Shi ke nan. Mace mai juya ɗaruruwan 'yan makaranta da kallo ɗaya, a gaban surukarta sai ta mayar da kanta ƙasa. Aka sallame ni, aka sallami Baba Anaruwa, shi da ko taɓa yaron ba ya yi. Ya ɗauki fartanyarsa ya ce zai koma Hotoro ya nemi ƙodago.

An ba ni 'yan kwanaki in koya wa wadda za ta gaje ni. Talatu sunanta, ba ta wuce sha uku ba, 'yar rani ta gaskiya, da shaidu. Yarinya ce mai hankali. Na nuna mata komai, na kwanta a ƙasa na yi mata kwaikwayon faɗuwar har sai da Abba ya yi dariya ya ce ban iya ba. Ta juya ni ta gefe, ta sa mini zane a ƙarƙashin kai, daidai wa daida.

"In ya yi da gaske fa, za ki taɓa shi?"

"Zan taɓa, Yaya."

"Yawun ba ya komai. Dube ni."

Ta dube ni, ta ce to. Na ga dai tana goge hannunta a zane, alhali ni ko tofi ban yi ba.

Ranar da zan tafi Hajiya ta sa direba ya zagaya da Abba ganin jirgin ƙasa, don kada ya ga fitata. Na samu aiki a wani gida, layi biyu tsakani, a matsayin Hajara 'yar kaka, haihuwar lokacin girbi. Wata rana na kai yarinyar gidan allura na ci karo da likitan nan a baranda. Na tare shi, ni da ba na tsoron kowa sai kare.

"Likita, da gaske duk ɗan damina yana da farfaɗiya?"

"Wa ya ce?"

"Kai, in ji Nasarawa gaba ɗaya."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi tambaya kawai yake yi. Wataƙila sauro ne, da yake da damina yake yawa, ya sami jariri bai yi ƙwari ba, zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wataƙila hanyoyi ne ke yankewa, mai naƙuda ta daɗe a gida. Wataƙila kuma ba komai, idonsa ne ya ga haka. Ya ce akasarin 'yan damina lafiyarsu ƙalau, kuma yana da 'yan rani masu ciwon. Yawu kuwa ko zufa, ba ruwansu.

"To ka zo ka faɗa wa Hajiya Babba."

Ya yi murmushi, aka kira shi ciki, ya tafi.

A ƙarshen bazara ne, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, ba a kai ga ruwan fari ba. Ina wanke nafkin bayan azahar na ji salati daga wajen gidan su Abba. Ban tsaya neman ƙofa ba, ta cikin shinge na bi, da kumfar sabulu a hannuna.

Sabon gadina bai san zancen fallen kwano ba, ba wanda ya gaya masa. Abba yana wasa da gwangwani a bakin tankin, ciwon ya zo, ya kifa ciki. Ruwan ko gwiwata bai kai ba. Talatu tana wurin, ba ta yi nisa ba, ba ta yi sakaci ba. Ta iso har bakin tankin, ta ga kumfa a kan ruwan, hannunta ya ƙi miƙuwa. Sai ta ruga kiran Malam Sale. Malam Sale ya ruga kiran maigadi. Maigadi ya zo da doguwar gora yana ƙoƙarin tallafo shi daga nesa.

Ni na tsamo shi. Na kwantar da shi ta gefe, na sa ɗankwalina a ƙarƙashin kansa, na jira kamar yadda aka koya mini. Na daɗe ina jira. Sai da maigadi ya ce, "'Yar nan, tashi haka nan."

Talatu ta koma garinsu kafin sadakar uku. Ban taɓa zaginta ba, kada kuma in ji wata a cikinku ta zage ta. Abin da aka gaya mata tun tana tsumma shi aka gaya mini, ni dai an ɗaure mini nawa a baya ne kafin in sami damar gudu. A wurin gaisuwa kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Haka ne. Na zauna a bakin ƙofa tare da masu aiki, na yi gaisuwa, na koma wankina.

Hajiya ta haihu cikin marka, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mace. Bayan suna da 'yan makonni direba ya zo gidan da nake ya ce ana kirana. Na sami Hajiya a ɗaki ta yi baƙi ta zama rabinta, Hajiya Babba tana gefe tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe su. Tsohuwar ta amsa ba ta ɗago ba.

Hajiya ta ce, "Marka, hutuna na haihuwa ya kusa ƙarewa."

Na ce, "To, Hajiya."

Ta miƙo mini jaririyar. Na ɗan dakata ko Hajiya Babba za ta yi magana. Carbinta kawai na ji yana tafiya. Na goge hannuna na karɓa.

Ita ce wannan da kuke gani a bayana, mai kumatu kamar an cusa mata alkaki. Lafiyarta ƙalau, sai cin tsiya da jan kitso. Gidan sauronta ni ke ɗaura shi, ni ke duba shi ko ya huje, ba na barin wa kowa. An fasa tankin an cike gurbinsa da ƙasa. Ko lokacin haihuwa yana da hannu a ciwon nan, ban sani ba, wanda ya yi karatun ma ya ce bai sani ba. Ga damina ta sake kankama, sauro ya fara kuka. In kun ga ina tafe ina kai hannu baya ina taɓa wuyanta, ko na tsaya cak a tsakiyar hira don ta yi wani ɗan motsi, kada ku yi mini magana sai na ci gaba da tafiya.